Fentin Jirgin Ruwa: Kada A Yi Kitso Da Ƙwarƙwata

Duk lokacin da jirgin ruwa ya kife da jama'a a ƙasar nan, abubuwa uku ake ambata: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, da rashin rigar kariya. Haka aka faɗa a watan Mayun 2021, sa'ad da jirgin da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kafin ya isa Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi. Haka aka maimaita a watan Nuwamban shekarar, bayan abin da ya auku a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, inda akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. Aka sake maimaitawa a watan Yunin 2023, da mutum fiye da 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara a hanyarsu ta dawowa daga biki. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Babu mai musun waɗannan dalilai, haka kuma babu mai musun kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, waɗanda har yau suke jiran jirgin da zai bi ta kansu cikin duhu. Sai dai akwai abin da ba kasafai yake shiga jawabin jaje ba, wato lafiyar jikin jirgin kansa. Kututture ɗaya ne, amma jirgin da katakonsa ke da ƙwari zai iya karo da shi ya tsira da ɗan yoyo, alhali wanda ya ruɓe ta ciki sai ya dare gida biyu. Abin da ke tsakanin jikin jirgi da ruwa kuwa wata 'yar fata ce da kaurinta bai kai na farce ba, ita ce fenti.

Bayan waɗannan masifu, gwamnatocin jihohi da hukumomin tarayya sun yi ta raba jiragen faiba, ana kuma ta kiran a rage dogaro da na katako. Wasu 'yan kasuwa sun koma ga na ƙarfe, waɗanda masu walda ke haɗawa a bakin kogi. Ranar bikin miƙawa kowane jirgi yana walƙiya. Bayan damina biyu ko uku sai launi ya koɗe, tsatsa ta fara tsiyaya daga bakin walda, a shiga neman mai gyara. Wanda ake kira kuwa, sau da yawa, shi ne mai fentin mota daga garejin gari mafi kusa. Ban raina gwanintarsa ba, domin hannunsa ya saba da bindigar feshi fiye da na kowa. Matsalar ita ce kayan da ya sani an yi su ne don abin da ruwa ke taɓawa ya wuce. Mota takan jiƙe a wurin wanki, ta bushe kafin mai ita ya gama biyan kuɗi. Jirgi kuwa a ruwa yake kwana, a ruwa yake tashi, wata da watanni.

Wani mai bibiyar wannan fili, sakataren wata ƙungiyar masu jirage a Yawuri, ya aiko mini da tambaya biyu: wane fentin shimfiɗa za su saya, wato wanda masu sana'a ke kira firaima, kuma wace bindigar feshi ce ta fi? Na ga ya dace in amsa a bainar jama'a, saboda damuwar ba tasu ba ce su kaɗai. Akwai tambayoyi biyu da suka riga nasa zuwa: da me aka yi jikin jirgin, kuma wane irin fenti ne a kansa yanzu? Aikin firaima shi ne ta kama jikin abin da aka shafa ta a kai, ta tare ruwa, ta ba fentin sama wurin kamawa. Tunda kamun katako dabam yake da na ƙarfe, na ƙarfe kuma dabam da na faiba, babu gwangwani ɗaya da zai yi wa dukkansu. Duk mai shagon da ya ce maka nasa yana yin komai, ciniki yake nema.

Bari in fara da katako, tunda har gobe shi ne ke ɗauke da mafi yawan mutanenmu a kogin Neja da Binuwai da Tafkin Chadi. Katako ba ya zama wuri ɗaya. Ya sha ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma kumburin nan ne ma yake matse tsakanin alluna ya hana yoyo. Fentin da zai zauna a kansa dole ya zama mai laushi, mai bin motsinsa. Saboda haka firaima mai mai, ta gwangwani ɗaya, ita ce ta dace da jirgin alluna. A sirka shafin farko da tina kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma, domin ta nutsa cikin itacen, a shafa ta da buroshi, a dage a kan kawunan alluna inda itace ya fi shan ruwa. Ifoksi, wanda zan yaba nan gaba, a nan yakan jawo matsala. Yana daskarewa da tauri, sai allo ya motsa ya tsaga shi a kan gaɓa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Idan kuwa aka rufe katako mai danshi da shi, to an gina wa ruɓa ɗaki. Ƙwayoyin da ke ruɓar da itace sukan kama aiki da zarar danshin cikinsa ya haura kashi 20 cikin ɗari, kuma sun fi sakewa a ruwan daɗi irin namu, saboda gishirin teku yana rage musu ƙarfi. Masu jirage a Legas da Fatakwal suna fama da tsutsar teku mai huda katako. Mu abokin gabarmu shi ne ruwan saman da ke kwanciya a cikin jirgi, ƙarƙashin allunan da ake takawa, inda iska ba ta kaiwa.

Sarkawa da kafintocin jirage sun daɗe suna toshe gaɓa da auduga ko tsumma, su bi da kwalta, kuma ban ga aibin dabarar ba: tana da araha, tana hana ruwa, tana bin motsin itace. Abin lura kawai shi ne duk inda kwalta ta taɓa, ta zama mai wurin. Fentin da aka ɗora a kanta za ta keto shi ta ɓata launinsa, ifoksi kuwa ba ya kama ta ko kaɗan. Jirgin da aka saba yi wa kwalta a ƙasansa, a ci gaba da yi masa ita.

Amma kafin a buɗe kowane gwangwani, a ɗauki sukudireba ko tsinin wuƙa a bi jirgin allo-allo, musamman gefen kowace ƙusa, da gindin haƙarƙarin jirgin, da wurin da injin yake rataye. Ƙusar ƙarfe idan ta yi tsatsa takan sirance, itacen da ke kewaye da ita ya yi baƙi ya yi taushi, har ta zama ba ta riƙe da komai. Duk inda tsini ya nutse ba tare da wahala ba, wurin nan kafinta yake nema. A nan ne nake ganin fenti zai iya zama abin cutarwa. Tsohon jirgin da ba a shafa masa komai ba yana faɗa wa fasinja gaskiya, mai lura ya duba ya ce zai jira na gaba. Wanda aka lulluɓe ruɓarsa da shuɗi mai sheƙi kuwa ya yaudari kowa, har da mai shi, wanda bayan mako guda shi ma zai manta da abin da ya rufe. Kitso da ƙwarƙwata ke nan, kuma a tsakiyar kogi da rai ake biyan kuɗinsa.

Maganar ƙarfe ta fi sauƙin faɗa, ta fi wuyar aikatawa, domin mafi yawan aikin yana cikin kankara. A manyan wuraren gyaran jirage ana fesa wa ƙarfen yashi ko tsakuwar ƙarfe da ƙarfin iska har ya yi fari-fari ya yi kaushi, matakin da takardun fenti ke rubutawa Sa 2½. A bakin kogi abin da ake da shi guduma ce da buroshin waya da injin gurza ƙarfe, kuma iyakar abin da za su bayar shi ne matakin da ake kira St 3. Bambancin nan yana da tasiri a kan abin da za a saya. Firaima mai yawan sinadarin tutiya, wadda ake yabo ƙwarai, sai a kan ƙarfen da aka fesa wa yashi take aikinta. A kan wanda aka gurza da hannu asarar kuɗi ce. Abin da ya dace da halin da muke ciki shi ne ifoksi mai gwangwani biyu, irin wanda kamfaninsa ya rubuta cewa yana jure ƙarfen da aka kankare da hannu, kuma an yi shi don zama cikin ruwa. A nemi waɗannan sharuɗɗa biyu a rubuce, kada a wadatu da maganar baki. A wanke maiƙo da baƙin mai tas kafin a fara gurza. Kada a gurje ƙarfen har ya yi santsi kamar madubi, saboda fenti kaushi yake kamawa. Wurin da aka kankare yau, yau za a shafa masa firaima, in ba haka ba raɓar asuba za ta mayar da aikin baya.

Jan fentin nan da ake kira red oksaid, wanda ya cika shagunanmu, yana da amfaninsa a ƙofa da taga da sassan jirgi da ke sama da ruwa. A ƙarƙashin ruwa kuwa yakan yi laushi ya kumbura ya saki, ga shi kuma shafinsa ba kauri.

Shi kuma kauri lissafi ne, ba a yin sa da ido. Ana auna shi da maikron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin kai kusan maikron 70 ne. Ƙarfen da zai zauna cikin ruwa yakan buƙaci ifoksi mai kaurin maikron 250 zuwa 300 bayan ya bushe, alhali shafi ɗaya na jan fentin can bai wuce 30 zuwa 40 ba. A takardar bayanin kowane fenti akwai adadin abin da ke saura a jikin ƙarfe bayan tina ta tashi. A ce kashi 60 ne cikin ɗari, ana kuma son maikron 100 a kowane shafi. Lita ɗaya za ta rufe murabba'in mita 6 ke nan, in babu asara ko ɗigo. Mu ɗauki jirgi mai tsawon mita 12, wanda in ka zagayo da igiya ta ƙarƙashinsa daga baki zuwa baki za ka samu mita 3. Bayansa kusan murabba'in mita 36 ne, wato lita 6 a shafi ɗaya, lita 18 a shafi uku, tun ba a zo ga cikinsa ba. Wanda ya ce zai gama maka shi da galan biyu, tina mai launi zai shafa maka. Akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora kamar mataji da ake dangwalawa a ɗanyen fenti ya nuna kaurinsa. A misalinmu sai ya nuna kusan 170 kafin a samu 100 bayan bushewa. A cikin duk kayan aikin nan shi ne mafi araha, shi ne kuma wanda ba a cika saye ba.

Jirgin faiba shi ne wanda aka fi yi wa mummunar fahimta, domin an gaya wa mutane ba ya tsatsa ba ya ruɓa, suka ɗauka ba ya buƙatar komai. An yi shi ne da zaren gilashi da aka jiƙa da wani ƙaro na roba, aka rufe shi da fata mai sheƙi. Ruwa yana ratsa fatar nan sannu a hankali, ya tarar da ragowar sinadarai a ciki, su haɗu su zama wani ruwa mai tsami wanda ke ƙara jawo ruwa, har wurin ya kumbura kamar bororo. In ka fasa shi za ka ji warin tsami. Ruwan daɗi mai ɗumi ya fi na teku saurin kawo wannan cuta, mu ke nan. Maganinta shi ne a farke bororon, a wanke, a bar jirgin a tudu ya bushe na makonni, a cike ramukan da abin cikawa na ifoksi, sannan a bi da shafin ifoksi da yawa. A nan hunturunmu alheri ne, domin bushewar da masu jirage a Turai ke nema da na'urar ɗumama, mu iska ke kawo mana ita kyauta. Abin da za a hana mai fentin mota fitowa da shi daga jakarsa shi ne bodi fila da tokar firaimar mota, domin dukkansu shan ruwa suke yi. A kuma wanke kakin da ke jikin faiba kafin a sa samfefa, saboda in aka fara da goga, cikin zanen samfefar za a tura kakin, fenti ya ƙi kamawa. Samfefa mai lamba 80 zuwa 120 ta isa. Sannan a ƙwanƙwasa bangon baya inda injin yake rataye, domin a jirage da yawa katako ne a cikinsa, kuma ta ramin kusoshin injin ruwa ke shiga ya ruɓar da shi ba tare da an gani ba. Ifoksi ba ya jure rana, yakan yi gari kamar alli, don haka duk inda yake sama da ruwa sai an rufe shi da fentin sama.

Jirgin alminiyam bai yawaita a wurinmu ba. Mai shi ya sani cewa ana shafa masa ifoksi ne cikin 'yan sa'o'i bayan an goge shi, ba a taɓa shi da buroshin da ya goge ƙarfe, ba a kuma ɗora masa fenti mai sinadarin jan ƙarfe, wanda ke cinye shi. Irin fentin nan mai guba an yi shi ne don hana halittun teku manne wa jirgi, kuma mafi munin nau'insa, mai sinadarin TBT, yarjejeniyar duniya ta haramta shi tun 2008. A ruwanmu gansakuka ce kawai, tsumma da buroshi suna fitar da ita. Ban ga hujjar zuba guba a ruwan da ake sha, ake kuma kama kifi a cikinsa ba.

Saura tambaya ta biyu, wato fentin da ke kan jirgin yanzu. A jiƙa tsumma da tinar ifoksi, a ɗora a kan tsohon fentin, a rufe da leda kamar minti goma. In ya yi laushi ko ya yamutse, to mai gwangwani ɗaya ne, kuma mai gwangwani biyu zai ɗaga shi kamar fatar da ta ƙone. Zaɓi biyu ke nan: a kankare shi duka, ko a ci gaba da irinsa. Mai gwangwani ɗaya yana hawa kan mai biyu in an goge, amma mai biyu ba ya hawa kan mai ɗaya. Firaima da fentin sama da tina kuma su fito daga kamfani ɗaya, domin in aiki ya ɓaci a san wanda za a tambaya.

Yanzu ne muka iso ga bindiga. Tsohuwar bindigar nan mai kofi a ƙasa tana fesa fenti da iska mai ƙarfi, kuma a fili, inda iskar bakin kogi ke kaɗawa, rabin fentin ko fiye a sama yake tafiya. Lita 18 ɗin can sai ta koma 36 ko sama da haka. Wadda ake kira HVLP, mai kofi a sama, tana amfani da iska mai yawa amma maras matsi, kuma kusan kashi 65 cikin ɗari na fentin yana sauka inda aka nufa. Sai dai a duba bakinta. Mai fentin mota yakan zo da baki mai faɗin milimita 1.3 ko 1.4, wanda aka yi don fentin sama mai ruwa-ruwa. Firaimar ifoksi mai kauri tana son 1.8 zuwa 2.2. In aka matsa sai ta bi ta ƙaramin baki, mafita ɗaya ce, a yi ta zuba tina, kuma daga nan kaurin da muka lissafa ya tafi.

Ita bindiga ma ba ita ce ke yanke hukunci ba, kwamfireso ne. Mutane sukan dubi girman tulunsa, alhali abin dubawa shi ne lita nawa na iska yake bayarwa a minti. Bindigar HVLP takan ci lita 300 zuwa 400 a minti. Ƙaramin kwamfireso mai tulun lita 50, irin wanda aka fi samu a kasuwa, ba ya kai 200. Zai fara da kyau, bayan ɗan lokaci iska ta faɗi, feshi ya koma tofi, jikin jirgi ya yi kurzunu-kurzunu kamar ɓawon lemo. Mai gyaran ƙofar mota zai iya tsayawa ya jira tulu ya cika, amma mai bin gefen jirgin mita 12 in ya tsaya sai gaɓar ta nuna. Ga kuma ruwa da mai da ke taruwa a tulu su biyo tiyo, kowane ɗigo ya bar huda a cikin fenti. Dole a sa matatar ruwa kusa da bindiga, a kuma zubar da ruwan tulu kowace safiya. Janaretan da zai ja babban kwamfireso shi ma wani kuɗi ne da ba a cika sa shi a lissafi ba.

Akwai injin feshi maras iska, wanda famfo ke tura fentin kansa da matsin da ya kai bar 200, wato kusan ninki ɗari na iskar tayar mota. Shi ne na manyan jiragen ƙarfe, domin yana shimfiɗa ifoksi mai kauri a shafi ɗaya ba tare da sirki ba. Yana da tsada, kuma in bakinsa ya taɓa yatsa yana iya cusa fenti cikin nama ta wata 'yar huda da ba ta kai a kula ba, wadda in ba a kai ga likitan fiɗa cikin gaggawa ba ana iya rasa yatsan. Ƙungiya mai jiragen ƙarfe da yawa za ta iya ɗaukar hayarsa tare da wanda ya iya shi.

Ra'ayina, ga jirgi ɗaya ko biyu da bai wuce mita 15 ba, kuɗin bindiga da kwamfireso a zuba su a ifoksi mai kyau, a yi aiki da rola da buroshi. Asararsu kaɗan ce, ba sa jin iska, ba sa son lantarki, kuma buroshi yana cusa firaima cikin ramukan tsatsa da feshi ke tsallakewa. Gaskiya ne rola ba ta ba da kauri kamar feshi, sai an ƙara shafi ɗaya ko biyu, kuma sheƙin ba zai kai na mota ba. To, wa ke kallon sheƙin ƙasan jirgi in ba kifi ba? Ko da feshin za a yi, a fara bin bakin walda da kusurwoyi da gefen ƙarfe da buroshi, saboda nan ne fenti ke sirancewa, nan ne kuma tsatsa ke fara leƙowa.

Akwai dalilin da ya fi kuɗi nauyi, shi ne huhun mai aikin. Fentin sama mai gwangwani biyu, wato foliyuritan, yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke sa wa ma'aikata asma, kuma wanda ta kama shi, ko ɗan kaɗan ya sake shaƙa sai ta tashi. Feshi ne ke mayar da shi hazon da ake shaƙa. Tsumman da yaran gareji ke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi, takunkumin asibiti ma haka. Ƙa'idar feshinsa ita ce takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Wanda ba shi da wannan, ya shafa da rola a wuri mai iska, da safar hannu da takunkumi mai matatar gawayi. Tsohon fenti kuma, musamman ja da rawaya da ruwan goro, yana iya ɗauke da dalma, kuma tun abin da ya faru da ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba mu buƙatar a yi mana bayanin gubar dalma. A jiƙa kafin a goge, a shimfiɗa leda a kwashe ɓarɓashin, a kori yara, kada kuma gwangwanin da ya ƙare ya koma na ɗiban ruwa. A bakin kogi wutar masu bandar kifi ba ta da nisa, ga jarkokin fetur na injuna. Tururin tina kuwa yana bin ƙasa ya je ya tarar da wuta.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Ƙa'idar masu fentin ƙarfe ita ce kada a shafa in laimar iska ta wuce kashi 85 cikin ɗari, kuma ƙarfen ya ɗara ma'aunin da raɓa ke sauka da digiri 3. A aikace, a jira hantsi ya busar da jirgi, a tsaya tun kafin la'asar ta yi sanyi. Tsakar ranar bazara kuma ƙarfe yakan yi zafin da tina ke tashi kafin fenti ya kwanta, don haka a kafa rumfa. Ranar da hazo ya sauko a yayyafa ruwa a ƙasa, ko a haƙura. Ifoksin da aka haɗa yana da wa'adi a cikin bokiti, kuma wa'adin yana raguwa da kusan rabi duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri 10; wanda takarda ta ce zai kai awa huɗu a digiri 20, a digiri 40 awa ɗaya ke gare ka. A haɗa kaɗan-kaɗan, da kofin awo, daidai yadda aka rubuta. Ƙara sinadarin daskarwa ba ya sa ifoksi saurin bushewa, lalata shi yake yi, haka nan sirka shi da fetur ko kananzir. Bayan shafin ƙarshe a ba shi kwanakin da takarda ta ce, galibi kusan mako guda, kafin ya koma ruwa. Wannan makon shi ne mafi wuya ga mai jirgi, domin kasuwa tana ci ba ya samun komai, kuma a nan ne ƙungiya za ta yi amfani, ta tsara a riƙa fitar da jirage bi da bi.

Hukumomi suna da rabonsu. Duk wanda zai raba jirgi ya haɗa da takarda, da Hausa da Nufanci da sauran harsunan bakin kogi, mai faɗin da me aka yi shi da irin fentin da ke kansa. Makarantun koyon kiwon kifi da ke Sabuwar Busa wuri ne da ya dace a riƙa tara masu fenti da kafintoci ana koya musu wannan aiki. Ita kuma NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida mai hedikwata a Lakwaja, jami'anta su riƙa duba jirgi a tudu bayan an kankare shi, tun ba a shafa firaima ba. Dubawar da aka yi bayan fenti, launi kawai aka gani.

Akwai kuma wani layi da nake so a ja da ragowar fentin. A Ingila, bayan gwagwarmayar wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll a kan tsofaffin jiragen da ake yi wa lodi fiye da ƙima, dokar 1876 ta tilasta a zana alama a gefen jirgi, wadda in ruwa ya rufe ta an san kaya sun yi yawa. Da farko mai jirgi ne ke zaɓar inda zai zana ta, aka ga hakan bai hana komai ba, sai a 1890 aka mayar da ikon tsayar da wurinta hannun hukuma. A manyan jirage har yau akwai alama ta daban don ruwan daɗi, saboda jirgi ya fi nutsewa a cikinsa. Namu bai buƙatar wani ƙawa: farin layi mai faɗin tafin hannu a gefe biyu, wanda jami'i ya auna ya sa hannu a kansa, kuma wanda matar da ke tsaye a gaɓa da goyo da buhun masara za ta iya hangowa kafin ta miƙa kuɗin jirgi. Ko a jirgin mita 12, lita ɗaya ta isa har ta yi saura.